Kara da Shanun Hamidu

Tursa, Rabah.

Zuwa ga ƙanena Siddiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Rahinatu da yara, ya tsare ku can Ibadan, ya sa albarka ga aikinka. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inno ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta. Ƙanwarmu Mas'uda ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an sa mata Halimatussa'adiya. Gero ya shiga rumbu, roron wake kaɗai ya rage.

Takarda na rubuto ban kira ka ba, don in na ji muryarka zan faɗi abin da zan yi da-na-sani. Raina a ɓace yake, Siddiq, kuma kai ka ɓata shi. Ka tuna shekara huɗu da sunka wuce, da ka zo ka iske ni gonar Baba ina sara da sungumi, ana bi ana jefa iri ana rufewa da diddige? Dariya ka yi, ka ce wanga noman mutanen da ne, ƙasa sai an juya ta. Ka aiko da tarakta ta kafce jigawar nan tun daga bakin hanya har gindin gawo. Iskar hadarin farko ta kwashi rairayi ta binne tsiron, sai da munka sake shuka sau biyu. Ruwa kuma ya samu ƙasa sakwaf ya yanka ta gefen gabas, ramin yana nan har yau, yana ƙara baki kowace damina. Ban ce maka komai ba, na ce ƙuruciya ce da son alheri.

Yanzu kuma ka je wani taro ka dawo mani da sabon karatu, wai a bar huɗa, a bar kaftu, a buɗe rami kawai a sa iri a rufe. Har da sunansa na Turanci da ya fi ƙarfin bakina. To mi ke nan in ba sungumi ba? Abin da Baba ya yi shekara hamsin ke nan ba wanda ya ba shi takardar shaida. Ban ƙi ba, na ma fi ka so. Laka ce ke son garma, irin ta Kawu Mujaheed can bakin fadama, wadda in ba a ɗaga kunya ba ruwa ke kwantawa ya kashe dawa. Tamu jigawa ce, ba ta son a dame ta.

Abin da ya ƙona mani rai shi ne maganar kara. Ka ce a bar shi kwance ya rufe ƙasa, na ce mu zauna mu duba. Ba ka jira ba, ka ɗauki waya ka kira Hamidu a bayan idona. Hamidu, wanda ubansa da ubanmu sunka ƙulla tun ba a haife ka ba, cewa in an cire amfani shanunsu su sauka gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Ka ce masa bana kada ya shigo, wai shanu suna yi mana ɓarna. Ɓarna, Siddiq! Ka daɗe a kudu har ka manta nauyin kalmar nan? A nan in an ce wa mai shanu ya yi ɓarna, ƙara ce, maganar gaban hakimi ce, kuma ka san yadda zaman manoma da makiyaya yake a shekarun nan. Gonar da kake cewa tana da laushin da ba ta buƙatar garma, kashin shanun nan ne ya yi mata laushin. In sun tafi ma karan ba zama zai yi ba, masu danni da masu neman makamashi za su kwashe shi kafin wata guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na gamu da Hamidu ranar kasuwar Achida. Ya gaishe ni gaisuwar baƙo, bai ko tambayi Inno ba, na san kunya da fushi ne sunka hana shi. Ya ce shekara arba'in ba a taɓa jin ɓarna tsakanin gidansu da namu ba, tun da an ji yanzu, ran Asabar zai kora garken ya yi wajen Goronyo. Na ba shi haƙuri har bakina ya bushe. Ya ce ba ni na faɗa ba, don haka ba ni zan janye ba. Gaskiyarsa.

Ga abin da na yanke, a matsayina na babba. Gefen gabas inda ramin yake za mu bar masa karansa, mu gwada naka mu gani. Sauran gona ta shanun Hamidu ce kamar kullum. Tarakta kuwa ta gama shiga. Kai kuma ka kira shi kafin Asabar, da bakin da ka faɗa, ka ce ka yi kuskure. Kada ka turo saƙo, kada ka sa wani. In ka ƙi, to ka kira Inno ka gaya mata da kanka, don ni ban iya ba. Ka san ba ta shan fura sai da nonon Hawwa matar Hamidu, kuma kowace shekara war haka sun sauka.

Ka gaida Rahinatu, ka shafa mani kan Khalid da Kyauta. Mai ɗakina Habi da Mas'uda suna gaishe ku, Kawu Mujaheed ma haka. Inno ta sa maka albarka. Ta ce in tambaye ka, tun da kai ne mai yawan waya, ko ka ji abin da ya tsai da su Hamidu bana, don ta wanke ƙwaryarta tun shekaranjiya.

Wassalam. Ni ne wanka,
Lawwali.