Na Kai Ƙarar Jirgin Ƙasan Mijina

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar shafin nan. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a sassauta mini wajen zagi, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Daga Potiskum nake, unguwar Bolewa. Maigidana malamin sakandare ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, matsalarsa ɗaya jirgin ƙasa. Mahaifinsa ya yi aikin reluwe, abin ya shiga jininsa. Wani ɗan jirgin wasa mai batir ya samo a gwanjo, shi ke nan ya kafa ƙaton filawud a falo, ya shimfiɗa layin dogo, wai zai ga yadda garinmu zai kasance da jirgi yana ratsa shi. Da kwali yake gina gidaje, ya rina garin katako kore ya zama ciyawa. Kuma ba ya gina komai da ka, sai ya je ya ɗauki hoto, ya auna da tef, ya dawo ya ƙanƙanta shi. Tashar mota, shataletale, masallacin unguwa har da lungun bayansa, duk suna nan a falona.

Falona fa na ce! Baƙi a tsakar gida nake shimfiɗa musu tabarma. Na yi magana har na gaji, kullum sai ya ce, "Maman Ummi, saura kaɗan." Rannan wata ƙawata ta leƙa, ta tuntsire da dariya ta ce, "Ashe yaro kike raino mai gemu." Wallahi har cikin ƙashina na ji maganar, ni kuma dama ga saurin zuciya.

Na ɗauki hotunan abin a waya na nufi Yindiski wajen yayana, yana cikin 'yan sintirin unguwarsu. Na ce, "Yaya, ka zo ka ɗan tsorata shi, ka ce an hana irin wannan." Ya yi dariya ya ce, "A hana wasan yara?" Dariyar ce ta ƙara tunzura ni. Na ce, "Wasan yara ne mutum ya riƙa auna ƙofar masallaci yana ɗaukar hoto? Ni dai ban san wa yake yi wa aiki ba." Innalillahi! Na fi kowa sanin ba ya yi wa kowa aiki. Me ya kai bakina? A garin nan, da duk abin da idonmu ya gani a baya? Yaya ya daina dariya, ya ce in tura masa hotunan, ni kuma na tura.

Tun daga nan abubuwa suka canza. Mai shagon ƙofar gidanmu ya ce wasu mutane biyu sun tambaye shi lokacin da Malam yake fita da su waye abokansa. Akwai wata mota mai baƙin gilashi da ke tsayawa gindin dogon yaro, ba mai fitowa daga ciki. Maƙwabcinmu da suke tafiya masallaci tare yanzu gaba yake yi abinsa.

Na koma wajen Yaya ina kuka, na ce ƙarya na yi, falo kawai nake so. Ya ce, "Bakin alƙalami ya bushe. Na ba shugabanmu, shi ma ya miƙa sama. Idan kika janye yanzu cewa za a yi rufa masa asiri kike, a haɗa da ke." Na ce to zan ƙona abin. Ya ce, "Kul! Sai a ce kun ɓoye shaida."

Shi bawan Allah bai san komai ba. Yau muna cin abincin rana yake ce mini, da murnarsa, ranar kasuwa zai shiga kasuwar shanu ya auna ƙofofinta ya ɗauki hotuna, don ya gina inda za a riƙa loda shanu a tarago. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Baban Ummi, kada ka je." Ya dube ni ya ce, "Saboda me?" Sai na tashi na hau kwashe kwanuka.

Idan na faɗa masa, zai san matar da yake ci daga hannunta ita ta miƙa shi, kuma ban ga auren da zai tsira daga wannan ba. Idan na yi shiru, zai shiga cikin taron nan da tef a hannu, ana biye da shi, kuma ban san ko zai dawo ba. Jibi kasuwar take ci.

Jama'a, me zan yi?