Ummi da Harafin P

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya ƙafar Hajiya, da sauƙi?

Makarantar da ka zaɓa wa Ummi ta iya aiki, Allah ya saka. Har ni ubanta sun fara koya wa Turanci. Jiya malamarsu ta kira ni. Ta rubuta kalmar Turanci "paint" a allo, Ummi ta karanta "fenti". Ta rubuta "pump", Ummi ta ce "famfo". Malamar ta dube ni: "Oga, wa yake mata bita a gida?" Na ce ni ne. Ta ce in daina, wai ɗan aji biyu dole ya bambance P da F. Ranar Litinin za su sake gwada ta, in ta kasa sai ta maimaita aji. Yarinyar ko abinci ta ƙi ci, tana gaban madubi tana ta haɗa leɓe.

Ku sa ta a addu'a, a gaida kowa. Amma Yaya, duk shekarun da na yi ina sayar da fenti da famfo a kasuwar Dei-Dei, wa ya taɓa dawo min da kaya saboda P?

Ƙaninka, Bala