Na Sunkuya a Wurin Bautarsu a Japan, Yanzu Ƙanwata Ta Ce In Koma

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin na riga ku zagin kaina.

Ni 'yar Ƙofa ce ta wajen Bebeji, na samu tallafin karatun noman shinkafa a Japan. Jarrabawar harshensu ta kayar da ni, aka ce in na sake faɗuwa sai gida. Da wane ido zan kalli Baba, wanda ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya ce 'yarsa sai ta tafi ko sun ƙi? Abinci ya daina shiga, karatun ma ba ya zama. Sai ƙawata 'yar ƙasar, wadda muke ɗaki ɗaya, ta ce in raka ta wurin bautarsu na Shinto, inda ɗalibai ke zuwa roƙon cin jarrabawa. Na ce kallo kawai zan yi. Muka shiga, muka wanke hannu, ga ƙananan alluna rataye, kowa ya rubuta buƙatarsa. Da layi ya zo kanmu ta sunkuya ta tafa hannu, ni ma na sunkuya na tafa. Ba wanda ya tilasta ni. Abin da ya fi cin raina, a zuciyata na ce, "Ko wane ne a nan, ya taimake ni." Ni da hijabina.

Na ci jarrabawar. Baba ya yi sadakar waina, yana ta faɗa wa mutane addu'arsa Allah ya karɓa. Na tuba, na yi ta istigfari, amma da na tayar da sallah sai in tuna tafin nan.

Da na zo hutu na kasa riƙewa, na faɗa wa ƙanwata, ina zaton faɗa za ta yi min. Ita ma jarrabawar shiga jami'a ta sha kayar da ita. Sai ta ce, "Yaya, in kin koma ki yi min." Na ce, "Kina da hankali kuwa? Shirka ce fa." Ta ce, "Ke da kika yi ba ga shi kin ci ba? Ko ki yi min, ko Baba ya ji."

Hutuna ya kusa ƙarewa. Wallahi ba zan sake taka wurin ba. Amma in Baba ya ji, karatuna ya ƙare. In kuma na yi mata ƙaryar na je, ta zo ta ci, wa za ta gode wa?

Jama'a, me zan yi?