Ranar da Nicanor ya miƙa ƙwallo

Milwaukee, 29 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gwiwa? Yaya Mama da su Yudelka? Ni lafiya lau. Wanke-wanken gidan abinci ya ɗan tsattsaga min hannu, amma kada Mama ta ji. Idan Kawu Ramón zai taho, a ba shi garin kofi ya riƙo min.

Ka ce in je wasan besbol na ƙarshe na Nicanor Almánzar in faɗa maka gaskiya, tunda kai ka fara cafe masa ƙwallon da yake jifa a garinmu Cotuí, kuma kana tsoron a kunyata shi. Na je ran Lahadi. Shekara ashirin da uku yana jifa, yanzu ƙwallonsa tafiya take kamar mai dawowa daga gona. Freddy, abokin aikina, ya ce, "Kai, kakan nan naku jifa yake ko miƙowa yake?"

Amma Baba, samarin nan masu dukan ƙwallon da sanda iska suka yi ta duka. Ya san inda kowannensu ba ya son ƙwallo, can yake ajiye ta. A zagaye na shida koci ya taho karɓar ƙwallo don ya sa wani a madadinsa. Da ya iso, sai da ya cire hularsa tukuna ya miƙa hannu. Kowa ya miƙe tsaye, har Freddy.

Nicanor ya fita daga fili yana dariya. Ba korarsa aka yi ba, Baba, rakiya aka yi masa. Ka kwantar da hankalinka.

A sa min albarka.

Ɗanka,
Wilkin