Littafin Da Inna Ta Naɗe Da Farin Ƙyalle

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Ruwa tun asuba. Ba makaranta, ba inda za ni. Na jawo adaka na fiddo su na shimfiɗa bisa tabarma, don damshin Kebbe ba ya barin takarda lafiya. Bakwai cif, na ƙidaya sau biyu. Labari guda, bugu bakwai: ƙaramin da munka karanta a aji uku, mai hotuna da na samu wajen tsohon nan mai sayar da littattafai a kasuwar Sakkwato, mai jan bango wanda gara ta ci gefensa, na Faransanci da anka kawo mini daga Dosso, wanda ko kalma ɗaya ban iya karantawa ba, da sauran ukun. Sai kaset ɗin da wani Bature ya karanta shi da murya kamar daga cikin rijiya, sai takardar tallan fim ɗinsa ta wata tsohuwar silima da anka rushe.

Wata mata ce a tsohon gidan dutse bakin teku. Mijinta ya nutse, ta kulle ɗakinsa, kullum tana murɗa agogonsa kada ya tsaya. Muddin agogon na tafiya, ana jin takun mamacin bisa bene. Shekara ashirin tana haka.

Tun ƙanena Ziyad na firamare na fara ba shi labarin da Hausa. Ya lulluɓe kai da zanen Inna yana rawar jiki, in na yi shiru ya ce, ci gaba mana, Yaya. Uku daga cikin bakwai ɗin nan shi ya nemo mini. Wata mai zuwa zai cika shekara a ƙasa.

Talata, 9 ga Yuli

Hinde ta asibiti, maƙwabciyata, ta leƙo aron ashana ta ga hoton matar riƙe da fitila. Ta yi a'uzu har sau uku. Wai ɗakina warin tsohuwar takarda da maganin gara yake, in buɗe taga mana. Na ce iska na ɓata mini littattafai. Ta ce to ni fa, rashin iskar bai ɓata ni? Shisshigi dai, ina ruwanta.

Juma'a, 12 ga Yuli, Tambuwal

Na zo gida. Inna ta rame. Littafin Ziyad na nan inda yake, naɗe cikin farin ƙyalle, bisa kantar ɗakinta kusa da Alƙur'aninta. Ba ta taɓa shi sai da alwala, ba ta kuma yarda kowa ya buɗe.

Muna tsinkar zogale ta gaya mini shawarar da ta yanke. Juma'ar da Ziyad zai cika shekara za ta miƙa littafin ga Kawu Malam Abdulganiyyu, ya buɗe shi a zaure gaban mutane, ya karanta abin da ya sawwaƙa, sannan a ajiye shi masallacin unguwa, duk wanda ya karanta ladan ya isa kabarin ɗanta. Ta ce ta daɗe tana rowar sa, lokaci ya yi da za ta sake shi.

Na ce to, Allah shi kai mu. Na ci gaba da tsinkar ganyen ban dube ta ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bari in rubuta, tunda ban iya faɗa wa kowa.

Littafin nan ba na addini ba ne. Bugu na takwas ne. Fassarar Larabci, wadda abokin Ziyad da ya yi karatu Masar ya zo masa da ita saboda ni. Ranar da Ziyad ya buga mini waya ya ce ya samu, ko abinci ban ci ba don murna. Ya ce hanyar Kebbe ta lalace, in bari sai Asabar. Na kira shi sau uku. Na ce masa ai shi kullum gobe, kullum gobe, malamin Islamiyya guda ba ya cika alkawari. Ya yi dariya ya ce to ga shi nan tafe, kada in cinye shi.

Bayan la'asar ya hau mashin. Ruwa ya riga ya cinye gefen wata kwalbati, nan ya afka. Waɗanda sunka ciro shi sun iske littafin cikin rigarsa, bangon ya yage ya tafi, laka ta jiƙa gefe. Da sunka ga rubutun Larabci sai sunka ɗauke shi da hannu biyu, wani ya sa shi bisa kai, sunka kawo wa Inna, sunka ce ta gode Allah, ɗanta ya cika da littafin addini a ƙirjinsa. Ina zaune a wurin. Na ga yadda kukanta ya sauka, na ja bakina na rufe.

Inna ta iya karatun Alƙur'aninta, amma Larabcin da ba wasali ba ta gane shi. Kawu kuwa layi biyu zai karanta ya san mi ke ciki. A gaban dattawan unguwa. Abin da ta dogara da shi shekara guda, a zare mata shi gaban mutane.

Laraba, 17 ga Yuli

Na koyar da aji biyu ban san abin da na faɗa ba.

Asabar, 20 ga Yuli

An yi hutu. Na sami dabara: cikin littattafan Ziyad na gaske akwai wani na fiƙihu mai girma ɗaya da shi, bangonsa ya daɗe da cirewa. In musanya, in naɗe a ƙyallen, Kawu ya buɗe ya karanta babin tsarki, kowa ya yi addu'a ya tashi. Inna ta tsira, sunan Ziyad ya tsira.

Ni kuma in samu na takwas. To, na rubuta. Har na gyara masa wuri cikin adaka, tsakanin na Faransanci da mai jan bango. Ƙanena ya mutu kan littafin nan, amma raina bai fasa son sa ba. Tir da ni.

Juma'a, 26 ga Yuli, Tambuwal

Na yi. Tana madafa tana talge, na shiga na musanya. Minti biyu. Yana cikin jakata yanzu, ban ma iya duban sa ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Ko kwana ɗaya dabarar ba ta yi ba.

Da hantsi ta yi alwala ta ɗauko shi kamar kullum. Ba ta ma kwance ƙyallen ba. Ta riƙe, ta shafa gefe da babban yatsa, ta kai hanci. Sai ta kira sunana, Rauda, ba 'yar fari da ta saba ce mini ba.

"Wanga ba shi ba ne. Na ɗana gefensa ya kumbura, shina warin laka. Mi kinka yi da shi?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ɗauko shi daga jaka na ajiye gabanta, na durƙusa na faɗi duka. Cewa labarin Turawa ne na ban tsoro. Cewa ni ya kawo wa. Kiran waya uku, da maganar kullum gobe. Ban rage komi ba.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dubi littafin, ta tambaye ni ko akwai sunan Allah a ciki. Na ce akwai wurare kaɗan, inda matar ke roƙo. Ta ce to kada in bar shi ƙasa. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Litinin, 29 ga Yuli

Ba ta yi mini magana. Na gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Tuwon da na kai mata ya dawo yadda ya tafi.

Alhamis, 1 ga Agusta

Har yau. Na ji ta tana gaya wa matar Kawu ciwon kai ke damun ta. Littafin na bisa taga a ɗakin da nake kwana, ba ƙyalle. Shekara guda ina mafarkin in riƙe shi, ga shi kusa da kaina ko buɗewa ban yi ba. Na kwashe wa tsohuwa abin da take jingina da shi don in cika adaka. In ta ce kada in sake taka gidan nan, ban da bakin magana.

Lahadi, 4 ga Agusta

Bayan azahar ina wanki ta fito ta zauna bisa turmi. Ba ta dube ni ba. Ta ce kwanan Ziyad ne ya ƙare, ko ban kira ba da wani abu ya kira shi, amma shirun da na yi mata shekara guda, wannan nawa ne, in nemi gafarar Allah a kai. Na ce na ji, Inna. Hawaye na zuba cikin ruwan wanki.

Can ta ce in ba ta labarin da ya fitar mata da ɗa cikin ruwa.

Na share hannu na fara, yadda nake ba Ziyad. Gidan dutse, teku, agogo, takun bisa bene. Da na zo inda wata baƙuwa ta tsaya bakin ƙofar da anka kulle sai na yi shiru, don a nan ne yake lulluɓe kai. Inna ta ce ashe abin da ya sa zanenta ke ɓacewa ke nan lokacin, ta ce in ci gaba.

Na kai ƙarshe. Ta tambayi shekara nawa matar ta yi tana murɗa agogon. Na ce ashirin. Ta riƙe baki.

"Ashirin? Takaba ai wata fuɗu ce da kwana goma. Ita ba ta da dangi? Ba wanda ya zo ya fid da ita, ya buɗe ɗakin ya sha iska?"

Na ce babu, Inna, ita kaɗai ce a gidan. Ta ce wannan shi ne abin tsoron, ba takun ba. Wannan karon ni take kallo.

Juma'a, 9 ga Agusta

An yi addu'ar. Littattafan Ziyad na gaske Inna ta bayar, kwali guda, har da na fiƙihun mara bango. Kawu ya karanta, anka shafa fatiha. Ba wanda ya tambayi farin ƙyalle.

Da zan haɗa kaya ta miƙo mini littafin ta ce ai nawa ne, ni anka kawo wa. Na ce ta riƙe mini tukuna, damshin Kebbe zai ƙarasa shi. Ta dube ni, ta karɓa. Ba ta mai da shi kusa da Alƙur'ani ba. Cikin kwallarta ta sa shi, tare da hular Ziyad.

Asabar, 14 ga Satumba, Kebbe

An koma makaranta. Zafi ya yi yawa yau, shi ya sa na buɗe taga, ba don maganar kowa ba. Hinde ta shigo ta ce wai tana son ganin abin da ke cikin littafin nan da ya hana ni fita. Na ba ta mai hotuna, na ce in ta ɓata shi ni da ita ne. Ta tafi da shi a hammata kamar faifai, ban bi ta ba.

Wurin da na gyara tsakanin na Faransanci da mai jan bango na nan, na cusa ɗankwali don kada su kife. Gobe zan shiga Tambuwal, Inna ta ce akwai inda ba ta gane ba wajen ƙarshe.

Na rufe adaka ban ƙidaya su ba. Mantuwa ce kawai.