Kwale-kwalen Da Aka Auna Da Ƙuguna

Ni Pavia na Saattut, wanda duk gaɓar nan ba a yi masassaƙin kwale-kwale kamata ba, ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙirji ne ya gaji, ƙafafu sun kumbura, amma kan nan lafiyarshi lau. Likita tazo ta saurari ƙirjina tace, Baba sai ka huta. Nace yarinya, ai hutun ne ya taho da ƙafarshi. Rubutuna kamar sawun tsuntsu ne a kan ƙanƙara, ku haƙura ku karanta haka.

Zuwa ga 'ya'yana, Minik babba da Kunuk ƙarami, da matanku Bolethe da Ivalu.

Na ɗaya. Kwale-kwalena ba na kowa bane a cikinku. Na san kowa ya sa mai ido, ku cire. Da jikina aka auna shi, tsawo gaba uku nawa, faɗi ƙuguna da dunƙulen hannu biyu. Kai Minik ko an shafe ka da kitse ba zaka shiga bakinshi ba, matarka ta iya girki. Kai kuwa Kunuk in ka shiga yawo zaka yi a ciki kamar cokali a kofi. Ku yaye fatar da aka lulluɓe shi da ita, ku ɗora ƙashin katakon a kan kabarina yadda akaiwa kakanku. A cikinshi nake kifewa da gangan in taso da lofena a hannu wutar bata mutu ba, mata na guɗa a bakin ruwa. Uwarku tace ba guɗa bace dariya ce. Kishi ne kawai, Allah ya ji ƙanta.

Na biyu. Maganar filafili. Na gaji da ita, wallahi na gaji. Kunuk, ka ari filafilin yayanka, wanda na sassaƙa mishi daidai inda yatsunshi ke kaiwa in ya ɗaga hannu, kaga ya maka tsawo, ka sa zarto ka rage. Da aka tambaye ka kace, to ai yanzu ya fi kyau. Baka kyauta ba. Kai kuma Minik, a kan katako ka daina yiwa ƙaninka magana, a coci kana wannan bango yana wancan. Ranar bikin haihuwata ɗaya ya sha gahawa ya fita sannan ɗaya ya shigo. Kun ɗauka ban gani ba?

Ku ji abinda ya hana ni sakewa. Tunda kuka ɓata, Kunuk ya ƙera nashi kwale-kwalen shi kaɗai. Ya zo ya auna nawa da igiya ya kwaikwaya, ya buga mai ƙusa don sauri. Ɗana, ba a buga ƙusa. Ɗaurewa ake, don in igiyar ruwa ta dake shi ya lanƙwasa ya dawo. Mai ƙusa baya lanƙwasa, tsagewa yake. Kuma awona ne ba naka ba, gwiwarka bata kama katakon gaba, ran da ka kife ba abinda zaka dafa ka taso. A da yayanka na gefenka, in ka kife ya miƙo maka hancin kwale-kwalenshi ka kama. Yanzu kullum ina zaune a taga ina ganinka kai kaɗai, kana bin puisi, naman ruwan nan mai kitse, in ya ɗago kai ya sha iska, mashi a gefe, har ka ɓace bayan dutsen ƙanƙara. Gahawata sai ta huce, bana iya sha sai naga ka dawo. Na taɓa jawo mutum daga ruwan nan da hannuna, ya sandare kamar kifi. Bana so Ivalu ta gane mijinta a haka.

Na uku. Dogon itacen nan ja da teku ta kawo, wanda na ɓoye ƙarƙashin ɗaki nake hana kowa taɓawa, na Kunuk ne. Gizago, wuƙaƙe, zarto da abin huda duk na Minik ne. E, da gangan nayi. Mai itace bashi da gizago, mai gizago bashi da itace. Wayona har yanzu ya fi naku a haɗe.

Ku ƙera wa Kunuk sabon kwale-kwale. Minik, kai zaka auna shi. Ka zaunar dashi a ƙasa ya miƙe ƙafa, ka sa dunƙulen hannunka a ƙugunshi dama da hagu. Ba a auna mutum daga nesa. In baka son magana kar kayi, ka dai taɓa shi. Kunuk, kai zaka tauna haƙarƙarin kwale-kwalen ka lanƙwasa su, haƙoranka sun fi na kowa, nawa duk a aikin nan suka zube. Abinda ya saura na itacen ka sassaƙa wa yayanka sabon filafili, shi ya ɗaga hannu kai ka auna. Bolethe da Ivalu, ɗinkin fata naku ne, kun san zama ɗaya ake yi kafin ta bushe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ku kun daɗe kuna gaisawa a ɓoye, na sani.

Wancan mai ƙusar a fasa a hura wuta dashi. Kafin sabon ya taɓa ruwa, Kunuk, ban yarda ka fita kai kaɗai ba. Ko nama ya ƙare. Ka ci na yayanka.

Na huɗu. Tocila ta maƙwabcinmu Efraim ku mayar mishi. Kuce na gode, bata da haske sosai.

Na ƙarshe. Ivalu na da ciki, kuma ba zan kai haihuwar ba, na sani a jikina. Bisa al'ada sunana za a sa mai, duk wanda ya ci sunan kuwa Baba zaku kira shi, ku duka biyun. To ku sani zan dawo. Zan buɗe ido a cinyar Ivalu in duba ɗakin, in naga ɗa ɗaya kawai, kukan da zan yi ba wanda zai runtsa a Saattut.

Ubangiji ya muku albarka, ya kwantar muku da teku, ya dawo daku gida da nama. Ku fita tare, ku dawo tare. In na girma na isa shiga ruwa, hannu biyu nake so a ƙuguna, ɗaya na Minik ɗaya na Kunuk.

Hannu ya gaji. Ubanku, Pavia.