Kwalbar da Ta Riga Sauran Yin Fari

Litinin, 3 ga Maris

Ran Alhamis shugaban sashe zai zauna a bayan aji ya ga yadda zan jagoranci gwajin sinadaran alkyl halide. Daga nan za a san ko za a riƙe ni a aikin koyarwa. A baranda ya faɗa mini, ko tsayawa bai yi ba.

Ai na san abin. Kwalba uku, kowacce da irin nata alkyl halide, da ethanol da silver nitrate, a tsoma su a ruwan ɗumi. Iodobutane zai fara yin ruwan ɗorawa, don ayodin bai riƙe carbon da ƙarfi ba. Sai bromobutane, kalar madara. Chlorobutane ne na ƙarshe, fari, a hankali.

Talata, 4 ga Maris

Na gwada ni kaɗai. Kafin in ajiye hannu kwalbar chlorobutane ta yi fari. Na sake, duk ukun suka yi fari tare. Na wanke kwalaben, na ƙara wankewa, har yatsuna suka yi yaushi.

Umma ta ga na kasa cin abinci. "Ke wai kwalba ce za ta hana ki barci? Da miji ne sai in ce to." Ban yi dariya ba. Tun rasuwar Baba take gaya wa maƙwabta 'yarta malama ce.

Laraba, 5 ga Maris

Tunani marar kyau ya zo mini: in faɗa wa ɗalibai abin da ya kamata su gani, in kare kwalaben da jikina. Astagfirullah.

Da la'asar ɗigon silver nitrate ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a wurin wanke kwalabe. Nan take ya yi fari. Na daɗe a tsaye. Ruwan famfo, da chloride a cikinsa, wato kulorin da ke sa silver nitrate yin fari! Ashe ni nake zuba shi da wannan wankin nawa, ban ɗauraye da tataccen ruwa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Wannan karon da tataccen ruwa na ɗauraye kwalaben. Ruwan ɗorawa ya fito. Kalar madara ta biyo baya. Ta ukun ta tsaya garau kamar ba a zuba mata komai ba. Shugaba ya duba agogo. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, wannan kam ta mutu, a yi mata sallah."

Aka yi dariya. Na ce kulorin ba ya sakin carbon da wuri, mu jira.

Muka jira. Can sai hazo-hazo a ƙasan kwalbar.

Juma'a, 7 ga Maris

Shugaba bai faɗi hukuncinsa ba tukuna. Ya dai tambaye ni ko mako mai zuwa darasi na gaba, elimination, za mu shiga.

Sai da na iso gida na tuna ban koma duba ko na kulle kabad ɗin sinadarai ba. Na kulle. Ina jin na kulle. Na ce wa Umma ta ƙara mini abinci.